Kwaɗon da ya hau dutse

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da hotona na farko da ya yi kyau ba, don shi ya kusa raba ni da Hajara.

Zamanin Turawa ne, ina sabon malami a elemantare a Haɗeja. Baturen da ke duba makarantu, da zai tafi, ya bar mini tsohuwar kyamararsa mai kama da akwati, da wata kalanda mai hoton ruwa yana zubowa daga kan dutse, fari tas kamar an baza auduga. Na rataye kalandar a ɗakina. Ni da aka haifa a ƙasar da tudun tururuwa ma abin nunawa ne, sai na wayi gari ba ni da buri sai ɗaukar ruwa mai faɗowa daga sama.

Ga kuma Hajara, wadda nake zuwa zance wurinta. Akwai wani ma'aikacin jirgin ƙasa da shi ma yake zuwa, bakinsa cike da labarin duwatsun Kudu. Ni kuwa iyakar tafiyata Kano (sau ɗaya, kuma na yi amai a hanya). Ranar da haushi ya cika ni, na ce mata da hutu zan je Kudu in kawo mata hoton da ba ta taɓa gani ba.

Hutu ya zo, na tafi Kirikasamma, nan kusa da Haɗeja, wurin kawuna.

Hotunan da na fara aikawa Kano a wanke duk sun dawo abin tausayi: wasu fari fat saboda rana, wasu sun yi dishi-dishi saboda rawar hannu. Mai wankin ya gaji, ya aiko mini da saƙo ta bakin direba: in fita kafin rana ta ɓullo, in ajiye kyamarar a kan abin da ba ya motsi, in bar idonta a buɗe ya ɗan jima. Abin da ke tafiya zai yi laushi, abin da ke tsaye zai fito raɗau.

Lokacin ruwa ya fara janyewa daga fadama. Da asuba nakan bi gaɓa, tururi na tashi daga kan ruwa, furen bado na buɗewa, tsuntsaye na wucewa jere-jere, masunta na zamewa a kwalekwale ba ko ƙara. Wallahi wani lokaci sai in manta abin da ya fito da ni. A nan na sami wurin da ruwan gonar shinkafa ke gangarowa kogi ta kan wata gaɓar yumɓu. Tsayinta bai kai gwiwata ba. Amma da na kwanta rub da ciki a taɓo, na kife turmin matar kawu na ɗora kyamara, sai gaɓar ta zama dutse, ciyayi suka zama kurmi.

Hoton ya dawo, ruwan nan fari kamar audugar kalanda. Na yi ta kallonsa har na fara jin kamar da gaske na je Kudun.

Da la'asar na sa farar rigata na nufi ƙofar gidan su Hajara. Ta fito da ƙawarta Ladi. Na miƙa hoton, na shiga zuba: tsayin dutsen ya fi kuka biyar, ƙarar ruwan sai ka toshe kunne. Hajara ta ƙura masa ido, ta ɗan karkata shi wajen haske.

“Malam, kwaɗin Kudu duk haka suke, ko wannan ne sarkinsu?”

Na karɓa na duba. A can gefe, a kan ƙololuwar dutsena, ga wani kwaɗo zaune, ya fito raɗau har da idanu. In dai dutsen ya kai kuka biyar, to kwaɗon ya fi ɗakin soro. Ladi ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki don dariya. Ni kuwa na ji bakina yana cewa, “Ai can akwai ruwa sosai, dabbobi na girma.”

“To Allah ya tsare ka da bai haɗiye ka ba,” in ji Hajara, ta zare hoton daga hannuna ta shige gida. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ɗauke ƙafa, na sallama wa mai jirgi. Sai ga saƙonta ta bakin Ladi: wai mai kwaɗo ya yi fushi ne? Bayan aurenmu ta gaya mini cewa labaran mai jirgin babu yadda za a yi ta kama ƙaryarsu, ni kuwa ƙaryata da shaidarta take zuwa, irin mijin da za a iya zama da shi ke nan.

Daga baya na je Kudun da gaske, na ɗauko ruwa mai faɗowa daga dutse na gaske. Hoton yana cikin akwati. Na kwaɗon ne a bangon ɗakinta, jikoki na nuna wa baƙi. Tun daga ranar, kafin in danna kyamara ko in buɗe baki, sai na duba gefe-gefe in ga wa ke zaune.