Ranar da Na Ɗura wa Igwa Sau Biyu

A azumina na uku a Alƙahira, maƙwabcinmu Baba Usman, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya fito da 'yar igwar tagulla da ya gada. Yana so ta yi ƙara lokacin shan ruwa kamar yadda Misirawa suka saba, amma ya manta yadda ake ɗura mata albarushi.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai kakana maharbi ne. Ban ga amfanin gaya masa cewa ni ko bindiga ban taɓa riƙewa ba.

Muka hau saman bene a unguwarmu ta Ard al-Liwa, abokan zamana suka kewaye ni. Na auna na zuba, ina yi musu bayani kamar malami. Sai matata ta kira daga Zariya, muka shiga maganar ɗinkin Sallah. Da na ajiye wayar, na sake aunawa na zuba.

"Ɗana, ba ka zuba ɗazu ba?" in ji Baba Usman.

"Baba, aikin gado ne wannan. Shi ke nan."

Ana kiran magariba na kunna. Igwar ta yi tsalle ta faɗa kwanon miya, tantabarun unguwa suka watse, girata da rabin gemuna suka ƙone. Allah ya tsare sauran.

Gemun ya dawo. Amma har yau, duk azumi, ladan na kiran magariba mai gadin gidan zai leƙo ya ce, "Ya Shaikh, mu sha ruwa, ko mu jira ka harba?"