Rabin Ƙwan Hussaina

Da safiyar Talata aka aiko daga firamaren unguwarmu a Rikkos, wai in zo maza, 'yata Hussaina ta yi laifi. Na zura rigar sanyi a baibai na fita, ina tunanin kan wani ta fasa. Ashe ƙwai ta fasa, ta raba biyu.

Wasu masu bincike ne suka zo su gano ko dafaffen ƙwai kullum da safe yana ƙara wa yaro fahimta. Suka yi ƙuri'a: rabin aji su ci, rabi su zuba ido. In an ga bambanci a jarrabawa, manya sun yi alkawarin ƙwai ga kowane yaro. Hussaina ta faɗa cikin masu ci. Klaudiya, 'yar maƙwabcina Pwajok, da suke benci ɗaya, ta faɗa cikin masu kallo.

Madam Josephine, jagorar binciken, ta tarbe ni duk ta rame. Ta ce, "Baban Hussaina, ba ita kaɗai ba ce. Duk ajin rabi-rabi suke ci. In aka tafi a haka ba za a ga bambanci ba, a rubuta cewa ƙwai ba ya komai, kowa ya rasa."

Na ce, "Madam, sai an yi bincike kafin a san mai yunwa ba ya jin karatu?"

Ta ce, "Ni ma na sani. Oganmu ne ba ya sa hannu sai ya gani a takarda."

Ba na raina bincike. Da shi ake bambance maganin gaske da ruwan kala. Amma tun yarinyar nan tana rarrafe nake ce mata kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Yanzu in koma in koya mata rowa, don yaran gari duka su samu? Da na koma gida na juya abin a raina har shayina ya huce.

Pwajok ya leƙo ta katanga. "Maƙwabci, ka ce wa Hussaina ta cinye abinta. Zan dafa wa Klaudiya a gida."

Na ce, "In ka dafa mata, kai ma ka ɓata binciken."

Ya ce, "Au, ƙwan kazata ma sai da izini?"

Na daure na kira Hussaina, na ce daga gobe kada ta ƙara rabawa. Ta ce, "Baba, in juya mata baya in ci?" Na ce eh, ina kallon silifas ɗina.

Washegari ta dawo da fara'arta. "Baba, ban raba ba. Na cinye ni kaɗai." Kafin in gama ajiyar zuciya ta ƙara, "Gobe kuma Klaudiya ce."

Ban iya yi mata faɗa ba. Allah ya ba Madam Josephine haƙuri.

Sai dai ina da shawara ga Mai Girma Sarkin Yanke Kintinkiri, wato babban jami'in da na ji ya buɗe binciken nan a otal da farfesun kaji. Nan gaba a yi ƙuri'a a bakin ƙofa: rabin manya su ci, rabi su zuba ido. Wannan binciken kam babu mai ɓata shi, don na tabbata babu wanda zai raba.