Mai Tagwaye Ya Miƙe Tsaye

Kai, ƙauyenmu na tsibirin Savai'i ya yi dace da Tauvela! Shekara ashirin yana goge bencin kotu a birnin Auckland can ƙetare, ya dawo da sanƙo, da taye a wuya, da Turancin hukunci cike da baki. A cewarsa, Bature ba ya sakin kalmar horo ita kaɗai, sai da abokiyar tafiyarta: tara sai "hebi fain", horo sai "sibiya fanishiman". Shi ya sa muke ce masa Mai Tagwaye, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ko kare ya sha ruwan kwakwarsa, sai ya ji "gargaɗi na ƙarshe".

Rannan majalisar dattawa ta zauna kan Ioelu masunci, wanda ya ratsa gari da kifi a kafaɗa bayan an busa ƙahon addu'ar yamma, lokacin da aka hana kowa yawo. Laifi ne da tararsa kwandon gwaza ce kawai, a ba da haƙuri a tashi. Amma Mai Tagwaye kora yake so, a raba mutum da gidansa da 'ya'yansa biyar, don dai Turanci ya samu wurin zama. Abin haushi!

Da magana ta zo kansa, sai ruhun lauyoyin Auckland ya hau shi. Ya miƙe zumbur a kan tabarma, ya soke babban yatsa a ɗamarar zane, ya hau zagaye dattawa.

"Iyayen gari, ku ba ku ga duniya ba! Babban laifi, hukunci mai tsanani! Kora nan take! Babu sassauci, babu ɗaukaka ƙara!"

Ɗaki ya yi tsit. Gogan ya ɗauka kwarjini ne, ya ƙara murya. Alhali ko yaron goye ya san ba a tsayuwa a kan dattawa suna zaune, balle a yi musu jawabi daga sama.

Tsoho Seumalo, shugaban majalisa, ya ɗaga kai a hankali.

"Ɗana, ka gama? To zauna, wuyanmu ya gaji."

Kafin gwiwar Mai Tagwaye ta taɓa tabarma an yanke masa tara: aladensa duka, a gasa wa gari. Ya buɗe baki neman sassauci, ya laluba Turancinsa kaf, bai taɓa haddace na roƙo ba.

"Maganar Ioelu fa?" ya tambaya da 'yar murya.

"Haba, Tauvela," in ji tsohon. "In mun kore shi, wa zai gasa mana aladenka? Wa ya iya gashi kamarsa?"