Rakodar Tafinta Ta Bi Maigidanta

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da tsufa bai koya mata ɓoyewa ba, ni, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, nake sanar da dangi, maƙwabta da tsofaffin ɗalibaina rasuwar rakodata, baƙa mai mariƙi ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ɗakina, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Maigidana, tafintan kotu, Allah ya jiƙansa, shi ya shigo da ita gidan nan shekarar da Turanci ya kayar da ni a jarrabawar ƙarin girma. Kalmomi kam ina da su buhu-buhu, amma ban san wacce ke zama da wacce ba. A wurin Bature ruwan sama nauyi gare shi, shayi kuwa ƙarfi. Mura mutum ne ke kama ta, barci kuma faɗawa cikinsa ake yi kamar rami. Malamanmu sun ce a haddace ƙamus. Na haddace har tsakiyarsa, bai tsinana mini komai ba. Shi kuwa tafinta ya ce kalmomi ma'aurata ne, ba a koyon ɗaya a bar ɗaya. Sai ya cika kaset goma sha biyu da muryarsa: ya faɗi ma'aurata, ya yi shiru na numfashi uku domin in maimaita, sannan ya wuce gaba. Na ci jarrabawar.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa dariyar lafazina ba, ba ta taɓa ƙosawa da komawa baya ba. Za a tuna ta da ƙaras ɗin maɓallinta, da dogon shuuu kafin magana, da gyaran muryar nan, sannan: "To, ke kuma."

Shekara goma sha tara ke nan da aka kai shi makwancinsa, kuma kullum ƙarfe goma na safe yana ce mini haka, ina amsawa. An ce in daina, wai jin muryar mamaci na hana zuciya dangana. Na tambayi inda aka rubuta hakan, har yau ba wanda ya nuna mini shafin.

Kaset goma sha ɗaya sun riga ta tafiya, wasu danshi ya ci, ɗaya yara suka ɗora masa waƙa. Ciwon ajalinta ya soma ne bara. Muryar ta fara ja, ta yi kauri tana rawa, kamar yana tsufa a can ciki, shi da ya tafi kafin furfura ta gama kama gemunsa. Sau uku jikata, ma'aikaciyar jinya, tana zuwa da wayarta don ta kwafi muryar. Sau uku ina korar ta, domin wayoyi huɗu na ga sun mutu a hannunta. Wannan karon gardamata ce ta ci ni, kuma na rubuta shi nan don kada wani ya riga ni faɗa. Ran Talata na ji ƙaurin roba. Injin ya yi zafi, zaren kaset na ƙarshe ya narke ya manne a jikinta.

Mai gyaran rediyo ya ceto kamu ɗaya na zaren. Da ya saka a na'urarsa, babu ko kalma. Shirun ne kawai, da numfashinsa can ƙasa-ƙasa, yana jira.

Ta rasu ta bar ƙamus mai karyayyen baya, da biron da ake naɗe zare da shi, da kwalayen kaset wayam, da ni.

Ba za a kai ta bola ba, ba kuma za a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa ba. An goge ta, an lulluɓe ta da farin ƙyalle a inda ta saba zama. Ana karɓar gaisuwa kwana uku, daga azahar zuwa la'asar. Kada a kawo sabuwar na'ura.

Wanda ya yi sammako ya iske ni ƙarfe goma a gaban teburin, zai ji ina jero ma'auratan da ka, ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa numfashi uku bayan kowanne. Don Allah kada ya yi sallama a cikin shirun nan. Yanzu na maigidana ne.