Girar da na bari a kafaɗar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Rabi a Tunuga ba, ko da na so. Allah Ya halicce ni girar hagu ta ɗan fi ta dama ɗagawa, kamar kullum ina tuhumar mutum. Lafiya lau muke zaune da ita, sai da Isufu, mai nemana da aure, ya ce mahaifiyarsa za ta je bikin kuma tana son ta gan ni. Nan fa shaiɗan ya miƙo mini reza.

Na ce bari in ɗan rage ta hagu su daidaita. Na rage, ta dama ta fi kauri. Na taɓa ta dama, ta hagu ta ce ba ta yarda ba. An ce garin neman gira akan rasa ido. Ni idon ya tsira, girar ce ta tafi duka biyu, goshina fayau kamar bayan ƙwarya. Na ɗauko jagira na zana sababbi, har da awo da tsinken tsintsiya (wallahi sun yi daidai, sai dai ban gane mai su ba).

Daga Gaya na hau kabu-kabu cikin zafin bazara, na isa gumi sharkaf. Aka nuna mini Hajiya, mahaifiyar Isufu, cikin farar lafaya. Na durƙusa na gaishe ta, baiwar Allah ta ɗago ni ta rungume. Da na janye fuska, sai na ga mata sun zuba mana ido. Ga girata ta hagu kwance a kafaɗarta, baƙa wuluk, ba abin da ya rage.

Hajiya ta dubi kafaɗa, ta dube ni, ta ce, "Isufu ya ce da gira zan gane ki, wai ɗaya sama ɗaya ƙasa, ita ce ma ta fara tafiya da hankalinsa. Amma ɗiyata, bai faɗa mini cirewa ake yi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. A hotunan bikin kaf, kallabina ya sauko har ido.

Auren dai an yi, girar ma ta tsiro, a karkacenta kamar da. Tun daga nan, abin da Allah Ya karkata ba na kai masa reza. Hajiya kuwa har yau in za ta rungume ni, sai ta tambaya ko ta sake mayafi.