Rasuwar Almakashin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk matar da Inna ta taɓa yi wa ɗinki rasuwar almakashinta, babban nan mai baƙin mariƙi, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi bayan gajeriyar jinya. Ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki, wato ya girme ni da shekara takwas, kuma a gidanmu ba a taɓa bari na manta da hakan ba.

Marigayin mai kamun kai ne. Bai taɓa yanka takarda ba, bai taɓa buɗe leda ba, bai san farcen kowa ba. Ran da Baba ya ɗauke shi zai rage gashin baki, kwana uku Inna na ajiye wa Baba abinci ba ko sannu. Makwancinsa aljihun keken ɗinki, cikin wata tsohuwar safa, kuma hannu ɗaya ya sani a duniya. Ba shi da surutu. A yadi mai kauri ya ce "garas, garas", a marar nauyi ya wuce "sirrr". Tun da idon Inna ya fara rauni, da wannan muryar take gane ko layinta ya miƙe.

Ga yadda ciwon ya faro, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Inna ta tafi wajen Yaya da ta haihu. Zafi ya matsa, sai na sayo farin yadin auduga mai huji-huji, irin wanda aka zagaye kowane huji da zare, don in ɗinka mata 'yar riga mai shan iska, ta ga shekara shida da na yi a gefenta ba zaman banza na yi ba. Ƙaramin almakashina ya kama tauna zaren. Zuciya ta ce mini, yanka ɗaya ne, wa zai sani? Na buɗe aljihun.

Wanda bai san yadin nan ba, fil, allurar nan ta riƙe yadi, ba ya zama a jikinsa, sai ya sulale ta huji ya laɓe tsakanin ninki biyu. Goma na soka, tara na gani. Ina zagaya hammatar rigar, marigayi ya ce "ƙas". Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Na ɗaga shi wajen taga, na ga giɓi a kaifinsa kamar haƙorin da ya karye, ashe fil na goma ya ciza.

An yi bakin ƙoƙari. Na ruga da shi wurin mai washin wuƙaƙe na bakin titi, ya ce irinsa nawa ya tayar. Ya kwance shi gida biyu, ya goga kowane ɓari ciki da waje kamar wuƙar yanka nama, ni kuwa ina tsaye ina masa sannu. Garin neman gira aka rasa ido. Yanzu in an sa masa yadi sai ya naɗe shi ya riƙe, shiru. Wani tsohon tela a kasuwa ya juya shi sau biyu, ya tambaye ni na wane ne, da na faɗa sai ya miƙo mini ya ce in yi haƙuri.

Ya rasu ya bar keken ɗinki, abokin zamansa. Da abin awo da lambobinsa na farko suka goge. Da alli rabi. Da gwangwanin maɓallai. Da marainiyar riga mai hannu ɗaya. Ya bar ni ma, in dai za a same ni bayan Alhamis.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa ta taga. Baba ya ce in sayo irinsa in sa a safar, can kuma shi da kansa ya ce kafin yanka na biyu kunnen Inna ya gaya mata. Daga nan ya tuna yana da tafiya ranar Alhamis. Inna ba ta faɗa, ba ta duka, da tana yi ai da sauƙi. Kallo take yi ta yi shiru, kuma shirun nan nake gudu.

Za a yi sutura ranar Alhamis da yamma, da zarar motarta ta iso, a ɗakin ɗinki. An riga an naɗe shi da ragowar farin yadin. Ana roƙon masu zuwa su zo da wuri, su zauna nesa da ƙofa don hanya ta zama a buɗe, kada kuma kowa ya yi mata gaisuwa kafin ta sha ruwa. Musamman ana roƙon kada a sanar da ita ta waya, domin da safen nan ta kira ni.

"Auta, hannun nan ya fara gajiya," in ji ta. "In na dawo, almakashin nan na bar miki. Ke kaɗai na yarda ki riƙe shi."

Na ce to, Allah Ya kawo ki lafiya.

Ba a buƙatar masu ɗaukar gawa. Ni zan ɗauko shi, ni zan sa mata a hannu.