Takalmi Marar Hagu da Dama

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Tana tsaye bakin ƙofa da ledar takalmi a hannu, sai ta zuba wa kakanta ido. Baiwar Allah! Ita? Tun tana rarrafe kakan nan nata bai taɓa yi mata gaisuwar mutunci ba. In ta shigo, kafin ta zauna zai ce ga mummunar matarsa ta zo cinye masa abinci, ita kuma ta ce ta zo duba ko ya cika ne ta kwashi gado. Haka suke, kowa a gidan ya sani. To yau ga shi a kujerar roba gefen taga, bargo a cinya, yana yi mata irin murmushin da ake yi wa mai kawo takardar kuɗin wuta. Wallahi gara ya zage ta.

Gwaggonta, wadda ke jinyarsa, ta riga ta tare ta a baranda ta faɗa mata: tun watan jiya ya daina gane mutane. Ita kanta gwaggon, 'yar cikinsa, ya tambaye ta ko 'yar gidan wa ce. Jikar kuwa gobe da safe za ta tashi. Ta samu aiki a wani asibiti a ƙasa mai nisa, ba ta san shekarar dawowa ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san ciwon nan ba ya komawa da baya. Abu ɗaya ya kawo ta, ya gane ta ko sau ɗaya kafin ta tafi.

Ta durƙusa gabansa ta zaro takalman, masu taushi, irin na zaman ɗaki.

"Tsoho, ga takalmi na sayo maka. Na gaji da ganin kaushin nan naka yana yaga mana shimfiɗa."

"Allah sarki. Na gode, yarinya. Allah ya saka da alheri."

"Ba kyauta ba ce. Cikin gadon da za ka bari zan cire kuɗina."

"To, madalla."

Madalla! Ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta. Ɗakin na warin man zafi, ga kwalaben magani jere a kan tsohon teburinsa inda a da littattafai ke zama. Nan ne dabara ta faɗo mata. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma komai zai iya haɗiyewa ban da a ɓata labarin zamanin da. Ya taɓa tashi daga kujerar mai aski da rabin kai a aske saboda wani ya faɗi shekarar da ba ita ba.

"Miƙo ƙafar dama," ta ce. "Ai tun ranar da aka fara ɗinka takalmi a duniya, da na dama da na hagu aka fara."

Ƙafar ta tsaya a sama.

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani."

"Kowa jahili ne ke nan. An daɗe ana yanka takalma iri ɗaya, babu hagu babu dama. Duk ƙafar da ta riga shiga ita ce mai shi. Sai ta sha wuya tukuna takalmin ya bi ta."

"Kai za ka sani, tunda kana wurin. An ce kai ka riƙe wa mutumin fatar yana yankawa."

"Ke yarinya, ki iya bakinki."

Har yanzu yarinya ce, amma muryar ta fara kaifi. Ta zura masa takalmin ta gyara zama a ƙasa.

"Kuma agogo mai ƙararrawa, shi ma tun zamanin da ake kwana a kogo kowa da nasa."

"Kai! Wace makaranta ce ta cuci iyayenki? A wata ƙasa mai sanyi, kafin agogo ya yi araha, mutum ake ɗauka aiki. Ya riƙo doguwar sanda ya bi layi yana ƙwanƙwasa wa ma'aikata taga, kuma ba ya gusawa sai mai gidan ya leƙo."

"To shi wa ke tashinsa?"

"Da rana yake barcinsa, marar wayo."

"Ashe sana'arka ce. Barcin rana da hana mutane sakat."

"Da ke za a tasa, sai an haɗa da taɓarya."

Ta yi dariya, dariyar ta fito da rawa a ciki. Bai lura ba. Ya ture bargon gefe, yatsarsa ta tashi sama kamar yana gaban aji.

"Ba ki san komai ba. Kin san an taɓa kai ɓeraye kotu?"

"Yau ga ƙarya da rana tsaka!"

"Sun cinye wa manoma hatsi, aka kai ƙararsu, har lauya aka ba su. Ranar shari'a ba su zo ba. Lauyan ya miƙe ya ce a yi musu uzuri, kyanwoyin gari sun tare hanya, ba wanda zai fito a kan ransa."

"Kuma alƙalin ya saurare shi?"

"Ya saurara mana."

"To kai ne alƙalin. Ba mai wannan aikin sai kai."

"Da ni ne, ke zan fara ɗaurewa. Ɓera ya fi ki kunya, shi in ya ci sai ya ɓuya."

"Ni me na ci maka? Kullum aljihunka kamar an share."

"Saboda wa? Saboda wa aka share shi?"

Gwaggon ta leƙo daga ƙofa da kofin shayi a hannu, ta tsaya cak. Rabon da ta ji wannan muryar har ta manta. Jikar ta yi mata alama da ido kada ta shigo.

"Saura ka ce an taɓa biyan haraji a kan numfashi."

"A kan gemu dai an biya. Wani sarki ya ce duk mai son ajiye gemu sai ya biya, a ba shi ɗan ƙarfe ya riƙa yawo da shi shaida."

"Kai da an yafe maka. Wannan 'yan tsirarun gashin, ko akuya ba za ta yarda a kira shi gemu ba."

"Ke kuma da an sa harajin baki, da tuni ubanki ya sayar da gida ya koma haya." Ya kalle ta sama da ƙasa, ya taɓe baki. "Dube ta. Mummuna. Ni ban san abin da na gani a jikinki na aure ki ba. Duk matan garin nan suna layi, na ɗauko mai bakin ganga."

Shi ke nan, abin da ta zo nema ke nan. Hawaye suka zubo mata ba shiri, ta sa gefen mayafi ta goge tana dariya. A bakin ƙofa gwaggon ta toshe bakinta da tafin hannu.

"Layin me? Ni ma taimako na yi. Ba wadda za ta ɗauki tsohon da ya girmi gishiri."

"Kukan me kike yi to? Kin tuna muninki?"

Da ta tsaya a nan, da ta tafi da abinta cikakke. Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi. Ita da take hana dangin marasa lafiya yin irin wannan tambayar, ita ce bakinta ya kufce.

"To in ka isa, faɗi sunana."

Yatsar ta sauko a hankali. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi taga, ya dubi kwalaben magani, ya dubi sabon takalmin da ke ƙafarsa. Leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Ta ga tsoro ya shigo idonsa, tsoro irin na yaron da ya ɓace a kasuwa, ta ji kamar ta mari kanta.

"Bar shi, Kaka. Wasa nake yi. Bar shi."

"Tsaya." Ya ɗaga hannu. Can sai ya saki wata 'yar dariya, gajera, marar ƙarfi. "Kin ci ni. Yau kam kin ci ni. Ga mai sanda, ga ɓeraye da lauyansu, duk suna nan daram. Sunan nan kuwa ni na zaɓa miki shi da bakina, na shiga na fita na rasa inda na ajiye."

"Ba komai."

"Da komai. Amma na san ke tawa ce. Baƙuwa ba ta yi min wannan rashin kunyar."

Ya laluba aljihun rigarsa, ya daɗe yana lalube, ya fito da guntun alli da ya yi baƙi don riƙo. Ya kama hannunta ya danƙa mata, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ungo ladan cin da kika yi. Dukiyar ke nan, kada ki ce ban bar miki gado ba. Gobe ki dawo da wuri in rama, akwai labarin ƙanƙarar da ake ɗaukowa a jirgin ruwa, ba ki san shi ba."

"Zan zo, tsoho. Ka tanadi ƙaryarka."

"Da wuri fa."

"Da wuri."

Ya gyaɗa kai, ya koma ya jingina yana murmushi. Duk ƙaryar da ta yi masa a ranar ya kama ta, ban da wannan.